Fuskar Umma a Cikin Ayarin Sama

SHAFI NA 27

Masu turo min saƙo cewa Mastura ta cika taurin kai, na gani. Ban rage mata ko kaɗan ba. Bismillah.

*

Abdulbaƙi bai ɗago ba da na shiga ɗakin tace fim. Nan na san ba lafiya. Mutumin Zariya ne, kwantiragi ya kawo shi Jidda, shi ke yanka hotunan shirinmu yana jera su, kuma ko ƙuda ne ya shigo ɗakinsa sai ya tambaye shi mutanen gida.

"Malam Abdulbaƙi, an ce kana nemana."

"Zauna, Hajiya marubuciya."

"A tsaye ma ina ji."

"Mastura, don Allah. Zauna."

Na ja kujera.

A allon da ke gabansa jirginmu ne ke tafiya cikin duhu. Ayarin Sama. Tsohon shirin talabijin ne na wata ƙasa, kamfaninmu ya samu izinin sake yinsa, ni aka ba rubutun. A na da ɗin, duniya ta ƙone, ragowar 'yan Adam sun cika jirgi ɗaya suna neman inda za su sauka. Ni kuma na raba jirgin biyu. A sama, waɗanda aka ƙirga ranar tashi. A ƙasa, kusa da tankunan ruwa, waɗanda suka shigo ba a ƙirga su ba, suka haihu a nan, 'ya'yansu ma suka haihu, har yanzu ana ce musu baƙi.

Ban sha wahalar ƙirƙiro su ba. A Mahjar aka haife ni, unguwar baƙi irinmu a nan Jidda.

"Kin tuna ranar wankan gawa?" in ji Abdulbaƙi.

"Ni na rubuta ta. Ya za a yi in manta?"

A tsohon shirin, idan mutum ya mutu akwati ake sa shi, a busa ƙaho, a harba shi cikin sarari. Na ce a nawa jirgin ba za a jefar da kowa kamar shara ba. Na rubuta cewa wata tsohuwa ta rasu a ƙasan jirgi, matan wurin kowacce ta haƙura da ruwan shanta na yini, aka tara a bokiti aka yi mata wanka. Layan, jarumar shirin, ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. Shi ya sa na roƙi Umma, mahaifiyata, wadda ke wanke gawar matan Mahjar tun kafin a haife ni, ta zo ta nuna mata.

Sharaɗi biyu ta gindaya min. Ba namiji a wurin, ba hoto.

Na ce mata na yi alkawari.

Abdulbaƙi ya danna madanni, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Sai ga Umma a allo.

Ta dubi dama, ta dubi hagu. Mata zalla: ni, da Layan, da Wejdan mai kyamara. Ta tura ƙofa ta rufe, ta yi abin da take yi a kowane ɗakin wanka. Ta ɗage niƙabinta, ta naɗe hannun abaya.

Gawar roba ce a kan gadon, an lulluɓe ta da zane. Umma ba ta ɗauke ta roba ba. Ta yi bismillah, ta jiƙa garin magarya, ta sa hannu ƙarƙashin zanen ta fara da dama. Tana juya ta a hankali tana cewa, "Sannu, baiwar Allah. Sannu, an kusa."

A bayanta har an riga an saka taga, taurari na wucewa.

Fuskar Umma ce cike da allon. Tabon da ke gefen haɓarta. Furfurar da ta leƙo daga ɗankwali. Fuskar da tun tana budurwa babu baƙon namijin da ya gani.

"Tsayar da shi."

Ya miƙo hannu ta baya, bai juyo ba, ya tsayar.

"Wa ya ɗauka?"

"Wejdan. Ta ce haske take gwadawa ta bar kyamarar a kunne. Ba ta goge ba, ya biyo sauran hotunan ya zo min. Wallahi, Mastura, ina gane ko wace ce na kawar da kai. Amma na riga na gani, ba zan yi miki ƙarya ba."

"To goge shi."

Bai taɓa madannin ba.

"Malam Abdulbaƙi, Hausa na yi maka. Ko in yi da Turanci?"

"Ko na goge nawa, akwai a wurin oga. Ustaz Mish'al ya gani. Shi ya sa aka saka taurarin. Ya ce a cire na Layan, wannan za a sa."

Na miƙe. Kujerar ta faɗi, ban ɗaga ta ba.

"Mastura, ki bi a hankali. Kin san iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, a hannun..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba.

*

Ofishin Mish'al a bene na sama yake, tagarsa na kallon titin Bagdadiyya. Shi ne daraktan shirin, shi ne kuma mai kamfanin, ɗan manyan gida daga Aziziyya. Ban ƙwanƙwasa ba.

"Mastura! Tafaddali, shigo. Kin gani?"

"Na gani."

"Wallahi tun safe nake maimaita shi."

"Sau nawa?"

"Na'am?"

"Sau nawa ka kalli fuskar mahaifiyata?"

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ajiye kofin gahawa.

"Zauna mu yi magana."

"Yau kowa zama yake so in yi."

"Tayyib, tsaya. Amma ki saurare ni. Layan ta yi wannan wankan har muka gaji. Kin ga yadda ya fito, kamar mai wanke faranti. Mahaifiyarki ta yi sau ɗaya, ba ta san ana ɗauka ba..."

"Ka faɗa da bakinka. Ba ta sani ba."

"Bari in ƙarasa. Ni na yi fim da yawa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ina kallonta sai in ji kamar... ban sani ba. Hannuna ya ƙi yanke shi. Wannan minti biyun shi ne shirin gaba ɗaya, ya Mastura. Jirgin, taurarin, yaƙin ruwan, duk don a iso nan ne."

"Na sani. Ni na rubuta."

"To me ya sa kike son kashe shi?"

"Don na yi mata alkawari."

Ya tashi ya zagayo tebur, ya jingina da shi.

"Wa ya zauna a ɗakin nan ya ce min mutanen ƙasan jirgi suna nan amma ba a ganinsu? Wa ya buga min tebur ya ce sai an nuna su? Ke ce. Yau ga ɗaya daga cikinsu, ta gaske, duniya za ta gan ta. Sai kuma ke ce za ki mayar da ita ƙasan jirgi ki rufe ƙofa?"

Maganar ta same ni. Ba zan ɓoye ba, ta same ni a ƙirji. Amma ban bari ya gani ba.

"Ustaz, akwai wanda aka ɓoye, akwai wanda ya rufe kansa da hannunsa. Umma ba wanda ya rufe ta. Ita ta zaɓa. Ta ɗage niƙabin nan ne don ta ga mata zalla. A wurinta ɗakin wanka ɗakin wanka ne, ko a Mahjar ko a sama ta bakwai. Ba ta san a kusurwa akwai ido mai kai wa maza ba."

"Fuska ce kawai."

"A wurinka."

"Mata nawa ke fitowa a talabijin?"

"Ba su na zo yi wa magana ba. Ka san abin da ake cewa mai wankan gawa? Mai amana. Abin da ta gani a ɗakin nan da shi ake binne ta. Matan Mahjar suna miƙa mata uwayensu da 'ya'yansu don sun san ba ta da baki, ba ta da hoto. Ranar da suka gan ta a allo tana wanka, taurari na yawo a bayanta, me kake jin za su ce? Za su ce ta kai sirrin ɗakin wanka kasuwa. Babu wadda za ta sake aiko mata. Ita kuma ba ta da wani abu a duniya sai wannan."

Ya murza zoben hannunsa.

"Sannan ka san iƙamarta a ƙarƙashin Abba take. Da ya rasu takardar ta mutu tare da shi. Umma ko asibiti ba ta zuwa sai ciwo ya kayar da ita. Kana so ka ɗora ta a allon kowane gida?"

"Wannan mai sauƙi ne," ya ce da sauri, kamar dama jira yake. "Ni zan gyara. Ina da mutane. Ki ba ni wannan hoton, ni kuma in sa ta tafi ko'ina a garin nan ba fargaba."

Nan ne na kusa sallamawa.

Na tuna Umma a bayan mota, tana matse hannuna duk lokacin da muka hango 'yan sanda a hanya. Na tuna ranar da aka ba ni shaidar kammala jami'a, kowa da uwarsa a zaure, tawa tana gida tana jira in kawo mata hoton a waya. Abin da na daɗe ina nema mata ne ya ajiye min a tebur.



"Ba musaya na zo yi ba."

"Ba ki da hurumin ƙi a madadinta."

"Kai ma ba ka da hurumin karɓa a madadinta."

"Ya Allah! Mastura, ke taurin kanki..."

"An sha faɗa min."

Ya koma kujerarsa. Muryarsa ta sauya, ta yi sanyi irin na ofis.

"Ina girmama ki, kin sani. Amma hoton nan da kyamarar kamfani aka ɗauka, a ɗakin kamfani. Kuma kada ki manta, kamfanin nan shi ne kafilinki, da sunansa kike zaune a ƙasar nan."

To, an zo wurin.

Tun ina aji ɗaya ake tuna min ni baƙuwa ce. Yarinyar da ta ce ba za ta zauna kusa da takruniyya ba, wato baƙar fata irina. Malamar da ta karanta rubutuna a gaban aji, ta ce in faɗi gaskiya wa ya rubuta min. Ofis nawa na shiga da takarduna, a yaba, a ce za a kira ni. A garin nan aka haife ni, a garin nan aka haifi uwata, fasfo ɗina kuwa na ƙasar da ban taɓa taka ta ba ne. Duk na shanye. Ban taɓa kuka a gaban ɗayansu ba, kuma ba a gaban Mish'al zan fara ba.

Na cire katin shiga kamfani daga wuyana na ajiye a teburinsa.

"Halas. Shi ke nan."

"Me kike yi?"

"Ka ce kai ne kafilina. Ga kayanka. Ka soke iƙamar, a sa ni a jirgi a kai ni Kano, in tambayi hanya kamar baƙuwa. Zan rayu. Mutanen ƙasan jirgi ba yau suka fara ba. Amma fuskar Umma ba za ta fita da yardata ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa."

"Ɗauki katinki, ya bint. Kin haukace? Shekara nawa kika yi kina rubuta shirin nan? Saura kaɗan sunanki ya fito a allo."

"Ka cire sunan. Ka sa naka, ya fi tsawo."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ba yanzu ba!" Mish'al ya daka tsawa.

Ƙofar ta buɗe duk da haka. Wejdan ce, idanunta sun kumbura. Ta kasa duban inda nake.

"Mastura, ki yafe min. Na kasa zama. Na je Mahjar na faɗa mata da bakina." Ta matsa gefe. "Ta ce in kawo ta."

Umma ta shigo.

Baƙar abayarta ta zuwa ta'aziyya, niƙabi har ƙirji, safar hannu. Tana tafe tana dafa bango saboda gwiwarta. Matar da ko kantin bakin titi ba ta zuwa ita kaɗai, yau ta ratso gari ta hau bene.

"Assalamu alaikum."

Mish'al ya miƙe tsaye. "Wa alaikumus salam, ya khala. Tafaddali, ga kujera."

"Umma, me ya kawo ki? Na ce zan..."

"Ke kin ce da yawa, Mastura." Ba ta ɗaga murya ba. "Matsa in zauna."

Na matsa. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ta zauna, ta gyara abayarta, ta dubi babban allon da ke bango.

"A nuna min."

"Umma, ba sai kin..."

"Fuskata ce. Kowa ya gani sai ni?"

Wejdan ta kunna. Mish'al ya juya baya ya fuskanci taga. Umma ta kalli kanta tana rufe ƙofa, tana ɗage niƙabi, tana jiƙa magarya. Ba ta motsa ba har aka kai inda take cewa an kusa.

"Ashe haka na tsufa," ta ce.



"Waɗannan fitilun na bayana fa?"

"Taurari ne, Umma. Jirgin a sama yake tafiya."

"Babu ƙasa?"

"Babu. Duniyar ta ƙone, sun baro ta."

"To ita baiwar Allahn a ina za a binne ta?"

"Akwai lambu a jirgin. Sun ɗebo ƙasa kaɗan da za su tafi, a ciki suke shuka abinci. Matan za su roƙa a ba su kusurwa ɗaya."

"Za a ba su?"

"Sai sun yi faɗa."

Ta jinjina kai. "Alƙibla fa?"

"Baya, Umma. Inda suka baro."

Ta daɗe tana kallon allon.

"Kin yi tunani," ta ce. "Ba a jefar da mutum." Sannan ta juyo. "Amma kin ce min ba hoto."

"Na ce."

"Na yarda da ke."

"Na sani, Umma."

Ban ba da uzuri ba. Ba ni da shi. Wejdan ta fashe da kuka, ta durƙusa ta kama hannun Umma.

"Ni ce, khala, wallahi ba ita ba ce, ni ce na..."

"Tashi, 'yata. Kin zo har gida kin faɗa, ya wuce. Maza nawa suka gani?"

"Malam Abdulbaƙi," na ce. "Ya kawar da kai da ya gane. Sai shi." Na nuna Mish'al.

"Ki gaya wa malamin babu komai, bai sani ba. Wejdan, je ki wanke fuskarki. Ja mana ƙofar."

Wejdan ta fita. Muka rage mu uku.

Mish'al ya juyo, ya gyara murya. "Ya khala, ki bar ni in yi miki bayani. Abin da kika yi a nan, mutane miliyan..."

"Ya jikin Hind?"

Ya tsaya da baki buɗe.

"Har yanzu ciwon kan nan na kama ta idan ta sha turare da yawa?"

"Kin... kin san mahaifiyata?"

"Itacen lemon da ke bayan kicin ɗinku fa, yana nan ko an sare?"

"An sare. Tun ina sakandare." Ya dube ni, ya dube ta. "Ya khala, wace ce ke?"

Umma ta cire safar hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a cinya. Ta kai hannu bayan kanta.

Sai da na ga igiyar ta kwance na gane abin da take yi.

"Umma!"

Ta ɗage niƙabin. A gaban Mish'al. Ba allo, ba kyamara, ido da ido.

Na yi tsalle na tsaya tsakaninsu na buɗe hannuwana. "Juya! Ustaz, juya bayanka! Umma, lafiyarki? Namiji ne!"

"Matsa, Mastura."

"Ba zan matsa ba! Yanzu na ajiye aikina saboda fuskar nan!"

"Na ga katin a tebur. Allah ya yi miki albarka. Matsa. Wannan ba baƙo ba ne."

Ƙafafuna suka matsa da kansu.

Mish'al ya sunkuyar da kai ƙasa, gumi ya keto masa.

"Ɗago ka dube ni," in ji Umma. "Halal ne a gare ka. Ka riga ka ga fuskar nan kafin ka san ta kowa."

Ya ɗago a hankali.

"Kafin Mastura na haifi namiji, Othman. Bai yi arba'in ba Allah ya karɓi abinsa. Lokacin ina aiki a gidanku a Aziziyya. Na koma aiki nonona na zuba, ina ɗaure ƙirji da zane. Hind ta haife ka, ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe. Aka kawo madarar gwangwani iri-iri, ka ƙi. Kana kuka har muryarka ta dushe. Rannan ina goge ƙasa ta kira ni, ita da kanta ta miƙo min kai."

"La..." ya ce. "A'a, a'a."

"Ka sha har ka yi barci. Ka ci gaba da sha har ka fara rarrafe. Haƙoranka na fari a jikina ka gwada su."

Na dafa tebur.

"Ba a taɓa faɗa min ba," in ji Mish'al. Muryarsa ta koma ta yaro.

"Ba za a faɗa maka ba. Da ka warke, ka yi ƙiba, kakarka ta ce kada a ji a dangi cewa jikanta nonon takruniyya ya sha. Hind ta roƙe ni tana kuka in riƙe. Aka sallame ni. Na riƙe."

"Umma," na ce, "tun yaushe kika san shi ne?"

"Tun ranar da kika dawo da murna kin samu aiki, kika faɗi sunansa da na ubansa."

"Kika yi shiru?"

"Aikinki kika samu da kanki. Ban so a ce nono ne ya samo miki. Da na ga alamar zai nemi aurenki, da na buɗe baki a ranar, ko Hind ta so ko ta ƙi. Bai nema ba, na bar wa Allah." Ta dube shi. "Ranar wankan nan na hango ka a tsakar gida kana ba da umarni. Na ce masha Allah, ya yi tsawo. Na wuce."

Hawaye ya zubo wa Mish'al, bai share ba. Mutumin da ya gama tuna min shi ne kafilina. Yayana. Na maimaita kalmar a zuciyata, ta ƙi zama.

"Shi ya sa," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Shi ya sa na kasa yankewa."

"Ban san wannan ba, Allah ya sani. Ni dai na riƙe wa uwarka amana tun kana cikin zane. Ban taɓa zuwa ƙofarku neman komai ba. Ranar da mijina ya rasu ban zo ba. Ranar da takardata ta mutu ban zo ba. Yau ma ba wurin darakta na zo ba, ban san aikinsa ba."

Ta gyara zama, ta dube shi sosai.

"Ɗana nake tambaya. Mish'al, za ka nuna wa mazan duniya fuskar uwarka?"

Ya zube a gabanta a kan gwiwa. Ya kama hannunta, ya kai goshinsa.

"Ya Ummi..."

"Ba kuka na tambaye ka ba. Amsa min."

"Wallahi a'a. Wallahi ba zan..."

Sai ya tsaya.

Na ga jinin ya bar fuskarsa. Ya saki hannun Umma, ya juya ya dubi agogon bango, ya rarumi wayarsa daga tebur.

"Mene ne?" na ce.

Ya shiga neman lamba a wayar.

"Mish'al, mene ne?"

"Talla." Da ƙyar maganar ta fito. "Da safe na yanki kaɗan daga ciki, da hannuna. Na tura wa tashar. Na ce kada su jira ni, su sake shi a shafinsu da an idar da la'asar."

Na ruga taga.

A ƙasa, ƙofar masallacin da ke tsallaken titi a buɗe take. Mutane na fitowa, kowa na neman takalminsa.

Wayata ta fara ruri a aljihu. Ta tsaya. Ta sake farawa.

Umma ta ce, "Wa ke kira?"

Na duba. Maƙwabciyarmu ce ta Mahjar.